Yadda Ake Fara Tuƙi, Fatauci da Bincike a Wasan Elite Dangerous

Wanda ya buɗe wasan Elite Dangerous a karon farko yakan tsinci kansa cikin wani ɗan ƙaramin kumbo mai suna Sidewinder, da kiredit 1,000 kacal, wato kuɗin cikin wasan, a asusunsa, a gabansa kuma ga sararin samaniya da aka gina bisa girman gungun taurarinmu na Milky Way, mai ɗauke da gidajen taurari kimanin biliyan 400. Idan na ce gidan tauraro, ina nufin tauraro tare da duniyoyi da watanni da tashoshin da ke kewaye da shi. Kamfanin Frontier Developments na ƙasar Ingila ne ya fitar da wasan a watan Disamba na 2014, ƙarƙashin jagorancin David Braben, wanda shi da Ian Bell suka ƙirƙiro Elite na asali tun a 1984. Kalandar cikin wasan tana gaban tamu da shekara 1,286, shi ya sa ranar da aka fitar da shi ta zo daidai da shekara ta 3300 a can.

Babu wani labari da zai riƙe hannunka daga farko zuwa ƙarshe, kuma babu wanda zai ce maka ga inda za ka dosa. Wannan 'yancin ne ke jawo mutane, shi ne kuma ke korar da yawa daga cikinsu tun a makon farko. A ganina, ba abokan gaba ne suka fi halaka sabon kwamanda ba, domin haka ake kiran kowane ɗan wasa; gaggawarsa ce ke halaka shi, ta hanyar mai da ya ƙare, ko kuɗin inshora da bai ajiye ba, ko bayanan bincike da bai sayar ba.

Kafin ka tashi, wasan zai tambaye ka a wane fage kake son shiga. Akwai buɗaɗɗen fage inda za ka iya cin karo da kowane ɗan wasa, akwai rukuni na keɓe wanda sai waɗanda aka amince wa ke shiga, akwai kuma fagen kaɗaici inda kai ne kawai ɗan Adam, sauran kumbunan duka kwamfuta ce ke tuƙa su. Dukkan ukun suna buƙatar intanet, kuma kasuwa ɗaya da siyasa ɗaya suke tarayya a kai, don haka wanda ya sayar da kaya a kaɗaici ya taɓa farashin da na buɗaɗɗen fage zai tarar. Shawarata ita ce ka koyi tuƙi a kaɗaici ko cikin rukuni, ka riƙa leƙa buɗaɗɗen fage idan hannunka ya faɗa, domin a can ne ake samun abokan tafiya, a can ne kuma ake samun masu harbin sabon shiga ba don wata riba ba sai don nishaɗinsu.

Koyon tuƙi da shiga tasha

Kada ka tsallake darussan horo da wasan ya tanada, ko da kana ganin ka ƙware a wasu wasannin jiragen sama. Za ka iya tuƙi da allon madannai da linzamin kwamfuta, ko da na'urar hannu ta wasa, ko da sandar tuƙi, kuma kowanne yana wadatarwa muddin ka zauna ka tsara maɓallan yadda yatsunka za su same su ba tare da ka duba ba. A ma'aunin totur akwai wani yanki mai launin shuɗi, wanda idan gudunka yana cikinsa kumbon ya fi saurin juyawa. Haka kuma wutar kumbon tana rabuwa gida uku, wato garkuwa da inji da makamai, ana kuma raba musu ɗigo shida ba tare da ɗaya ya wuce huɗu ba. Idan ana harbinka ka zuba huɗu a garkuwa, idan kuwa gudu za ka yi ka mayar da su inji. Wannan ɗan motsi na yatsa ya ceci kumbuna fiye da kowace irin bindiga.

Shiga tasha ita ce jarrabawar farko. Sai ka matso ƙasa da kilomita 7.5 kafin ka nemi izinin sauka, idan an ba ka kuma za a faɗa maka lambar dandamalinka, a ba ka minti 10. Manyan tashoshi suna juyawa, kuma ƙofarsu wata siririyar taga ce da kowa ke bi, mai shiga da mai fita, saboda haka ka kama gefen da ke da koren fitilu, ka rage gudu zuwa ƙasa da mita 100 a daƙiƙa, domin wanda ya haura haka ya bugi wani, shi za a ɗora wa laifi. Kada ka shiga babu izini, kada ka tsaya a bakin ƙofa kana kalle-kalle, kada kuma ka yi harbi kusa da tasha, domin bindigoginta ba sa jan gargaɗi da tsawo. Akwai na'urar da ke saukar da kumbo da kanta, kuma babu laifi ka yi amfani da ita, amma ka koyi sauka da hannunka, saboda rana za ta zo da za ka cire ta don ka sami wurin ƙarin kaya.

Tafiya kuwa iri uku ce. Akwai gudun yau da kullum na kusa da tasha, akwai babban gudu wanda ake yi tsakanin duniyoyin gida ɗaya, wanda kan ninka saurin haske sau ɗaruruwa, sai kuma tsalle daga gidan tauraro zuwa wani. Inji ɗaya ne ke yin biyun ƙarshe, wato injin tsalle, wanda ake taƙaita sunansa na Frame Shift Drive da FSD, kuma ba zai kama ba muddin kana kusa da tasha ko wani abu mai nauyi, ko ƙafafun saukarka ko makamanka suna waje. A babban gudu kusan kowane sabon kwamanda yakan wuce inda ya nufa, ya koma yana zagaye don ya sake daidaitawa. Maganin abin mai sauƙi ne: ka lura da lokacin isa da ake nunawa kusa da alamar tashar, da zarar ya sauko daƙiƙa 7 ka mayar da totur kashi 75 cikin ɗari, ka bar shi nan har alamar fita ta bayyana. Idan ka bari ya faɗo daƙiƙa 5, ka riga ka makara. A tsalle kuma, kullum kana fitowa ne fuskarka na kallon babban tauraron gidan, don haka ka sauke totur gaba ɗaya tun ana ƙirgen tashi, idan ba haka ba za ka afka cikin zafinsa kumbon ya fara ƙonewa.

Mai da inshora

Kowane tsalle yana shan mai, kuma gwargwadon nisansa da nauyin kayanka gwargwadon abin da zai sha. A taswirar taurari, hanyar da ka zana tana fitowa da miƙaƙƙen layi muddin man tankinka zai kai, inda ta koma tsinke-tsinke kuwa, nan ne zai ƙare. Abin da ya kamata ka fara saya shi ne na'urar kwasar mai, wadda ke zuƙo shi daga jikin tauraro yayin da kake shawagi a gefensa. Sai dai ba kowane tauraro ke bayarwa ba. Aji bakwai ne kawai, waɗanda 'yan wasa ke haddacewa da haruffan KGBFOAM, kuma taswirar tana ba ka damar tace hanya ta bi ta kansu kaɗai. Yayin kwasar ka sa ido a ma'aunin zafi, kada kuma ka kunna injin tsalle sai ka yi nesa da tauraron, domin zafin biyu idan ya haɗu yana lalata kayan ciki.

Idan duk da haka ruwa ya ƙare wa ɗan kada, akwai wata ƙungiyar 'yan wasa mai suna Fuel Rats, wadda tun 2015 take kai wa maƙalallu mai kyauta ko'ina suke. Abin da suke fara gaya wa mutum shi ne, idan wuta ta ɗauke har agogon iskar shaƙa ya fara ƙirge, ya fita zuwa babban shafin wasan nan take, domin agogon yana tsayawa idan ba ka ciki, kuma mafi arhar na'urar iska minti 5 kawai take bayarwa.

Zancen inshora ya fi wannan nauyi. Idan aka tarwatsa kumbonka, za a mayar maka da irinsa da duk kayan aikin da ka ɗora masa, amma sai ka biya kashi 5 cikin ɗari na darajarsa. Wanda ba shi da wannan kuɗin, bashin da ake bayarwa kuma bai cike masa ba, zai koma Sidewinder kamar ranar da ya fara. An ga mutanen da suka tara kuɗi na makonni, suka juye su duka a kan babban kumbo, suka buga shi a ƙofar tasha a fitarsu ta farko. Saboda haka kafin ka sayi kowane kumbo ka lissafa abu uku tare, wato kuɗinsa, da kuɗin gyara shi, da inshorarsa aƙalla sau biyu, idan kuma fatauci za ka yi ka ƙara da jarin da zai cika shi. Ka sani cewa hajar da ke ciki ba ta cikin inshora.

Fatauci

A kwanakin farko, ɗan wurin kayan Sidewinder ba zai kawo wata riba ta kirki ba, don haka kwangilolin kai saƙon bayanai da ke allon ayyuka na tasha sun fi, tunda ba sa cin wuri. Suna kuma ɗaga martabarka wurin ƙungiyoyin da ke mulkin gidan, waɗanda ke ƙara maka kwangiloli masu tsoka gwargwadon yadda suka yarda da kai. Kafin ka karɓi kowace kwangila, ka duba nisan tashar daga tauraronta, ba nisan gidan kawai ba. Misalin da kowa ya sani shi ne Hutton Orbital da ke Alpha Centauri, wadda ke da nisan 0.22 na shekarar haske, wato tazarar da haske ke ci a shekara guda, daga inda ake fitowa, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a babban gudu. Tsofaffin 'yan wasa sukan zolayi sababbi cewa ana raba kumbon Anaconda kyauta a can, alhali tashar ƙarama ce, ba ta ma da dandamalin da Anaconda zai sauka.

Asalin fatauci a wasan ya ginu ne a kan sanin abin da kowane gida ke samarwa da abin da yake nema. Gidan haƙar ma'adinai yana fitar da ɗanyen dutse, matata tana saye ta mayar da shi ƙarfe, gidan masana'antu yana sayen ƙarfen ya ƙera injuna, gidan noma kuma yana buƙatar injunan, shi kuwa yana ciyar da kowa. Gidajen fasahar zamani suna sayar da magunguna da na'urori masu tsada. Idan ka fahimci wannan zagayen, za ka iya duban taswira ka hasashe inda riba take tun ba ka je ba. A shafin kasuwa ka dubi abu biyu bayan farashi, wato yawan kayan da ke akwai a inda za ka saya da yawan buƙata a inda za ka sayar, domin farashi mai kyau a wurin da tan ashirin kawai ake nema ba zai amfani mai ɗauke da tan ɗari biyu ba. Hanya mafi albarka ita ce wadda za ka je da kaya ka dawo da kaya, tsalle ɗaya ko biyu, tashoshin kuma suna kusa da taurarinsu. Riba a kan kowane tan tana ruɗi. Abin lissafi shi ne riba a awa.

Akwai shafukan da 'yan wasa suka gina, irin su Inara da Spansh, masu tattara farashi da zana hanya. Suna da amfani ƙwarai, amma ka riƙa duba yaushe aka sabunta farashin, domin wanda ya kwana uku yana iya zama labari. Ka kuma tabbatar hajarka halal ce a dokar gidan da za ka, saboda abin da ake sayarwa a fili a nan yana iya zama haramtacce a can, kuma idan 'yan sintiri suka binciki kumbonka tara za ta hau kanka.

Game da hawa daga kumbo zuwa kumbo, yawanci ana bi ta Hauler ko Adder, sannan Cobra Mk III wanda ke taɓa kowane irin aiki, sannan Type-6 mai kuɗi sama kaɗan da kiredit miliyan 1. Daga nan mutane da yawa sukan yi ɗokin manya irin Type-9, amma ni na fi ganin hikimar Python, domin yana sauka a matsakaicin dandamali, wanda ke nufin ƙananan tashoshi ma a buɗe suke gare shi, alhali manyan kumbuna ba su da wurin sauka a can. Kayan cikin kumbo suna da daraja daga E zuwa A: E ce mafi arha, D ce mafi sauƙin nauyi, A ce mafi ƙarfi. Injin tsalle shi ne na farko da ya cancanci A. Idan ka sayar da kayan ciki ana mayar maka da kuɗinka cif, kumbo kuwa ana zabge kashi 10, don haka gwada kayan ciki ba asara ba ce. Kada kwaɗayin ƙarin tan goma ya sa ka cire garkuwa.

Duk mai ɗauke da kaya zai gamu da ɗan fashi. Yakan biyo ka a baya cikin babban gudu ya yi ƙoƙarin fizgo ka, sai allonka ya nuna wata alama da ake so ka bi da hancin kumbo. Idan kwamfuta ce ke jan ka, sau da yawa za ka iya kuɓucewa ta bin alamar. Idan ka ga ana rinjayarka, gara ka sauke totur ka miƙa wuya, domin wanda ya sauko da kansa injinsa yana hucewa cikin 'yan daƙiƙu, wanda aka fizgo da ƙarfi kuwa yana daɗewa yana jira ana luguden wuta a kansa. Da ka sauko, ka zuba wuta a garkuwa da inji, ka yi ta ingiza kumbon da maɓallin ƙarin gudu, ka zaɓi wani gidan tauraro ka yi tsalle zuwa can, saboda nauyin babban kumbo yana jinkirta komawa babban gudu amma ba ya jinkirta tsalle.

Fita bincike

Yankin da mutane ke zaune, wanda ya ƙunshi ƙasashen Tarayya da Daula da Ƙawance, ɗan ƙaramin kumfa ne a kewayen Rana. Abin da duk 'yan wasa suka ziyarta tun 2014 bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na taurarin ba, don haka wanda ya yi nisan shekarun haske dubu biyu ko uku, ya kauce wa hanyoyin da aka saba bi, zai fara shiga gidajen da babu wanda ya taɓa gani. Diamondback Explorer da Asp Explorer su ne kumbunan da aka fi farawa da su. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka ɗora mafi girman na'urar kwasar mai da kumbon zai ɗauka, da na'urar gyaran kayan ciki, da na'urar taswirar doron duniya, da ƙaramar garkuwa don sauka, da motar yawo a ƙasa idan kana so, sauran kayan kuma ka mayar da su D don nauyi ya ragu, tsalle ya ƙaru. Kafin doguwar tafiya yana da kyau ka ziyarci injiniya Felicity Farseer a gidan Deciat, wadda ke ƙara wa injin tsalle nisa, amma ka je a kaɗaici, domin masu kai wa sababbi hari sun san kowa yana bi ta nan.

Aikin kansa mataki uku ne da ke bin juna. Da isarka ka danna na'urar ganowa, wadda ke faɗa maka yawan abubuwan da ke gidan. Daga nan ka sauke totur ka buɗe na'urar hangen nesa, wadda ake murɗawa kamar mai neman tasha a rediyo, kowane irin duniya da inda siginarta take, har ka gano su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka matsa ba. Na ukun shi ne ka je kusa da duniyar ka harba mata 'yan na'urori su zana doronta, kuma akwai ƙarin lada ga wanda bai wuce adadin da aka ƙayyade ba. Ba kowace duniya ta cancanci wannan wahalar ba. Masu kama da tamu, da na ruwa, da na ammoniya, da waɗanda za a iya gyarawa mutane su zauna, su ne masu kuɗi. Dunƙulen ƙanƙara kuwa ka gano shi daga nesa ka wuce. Wanda ke da Odyssey, ƙarin da aka yi wa wasan a 2021, yana iya sauka da ƙafa ya ɗebi samfurin tsirrai, sau uku daga kowane iri a wurare masu tazara, kuma wannan yana cikin ayyukan da suka fi kawo wa sabon kwamanda kuɗi.

Masu dogon zango suna amfani da taurarin nutiron, waɗanda ke feso wani haske mai kama da igiya daga gefe biyu. Idan ka shiga bakin igiyar a hankali cikin babban gudu, kana fuskantar waje ba tauraron ba, tsallenka na gaba zai ninka sau 4, ko da yake injin yana ɗan lalacewa kowane karo, sai ka riƙa tsayawa kana gyara shi. Fararen ƙananan taurari ma suna yin haka, amma ƙarin rabi kawai suke bayarwa kuma haɗarinsu ya fi yawa, ni dai ban ga abin da zai kai ni ba. Da wannan dabarar ake zuwa Colonia, matsugunin mutane mai nisan shekarun haske kusan 22,000, da Sagittarius A*, baƙin ramin da ke tsakiyar gungun, mai nisan kusan 26,000. Kada ɗayansu ya zama tafiyarka ta farko. Ka fara da zagayen kwana biyu ko uku, ka ga ko zaman shiru da maimaita tsalle ɗari ya dace da halinka.

Duk abin da ka gano na taurari da duniyoyi ba naka ba ne sai ka sayar da shi a ofishin Universal Cartographics da ke tashoshi, kuma ba a karɓar bayanan gida sai ka yi nisan aƙalla shekarun haske 20 daga gare shi. A lokacin sayarwar ne ake rubuta sunanka a kan duniyar da ka riga kowa gani, ya zauna nan ga duk wanda zai biyo baya. Idan aka tarwatsa kumbon kafin nan, inshora za ta mayar maka da ƙarfe, amma bayanan watanni sun tafi. Saboda haka ranar dawowa ka koma fagen kaɗaici tun kafin ka shigo yankin mutane, ka zaɓi tasha ta bakin iyaka wadda ke kusa da tauraronta, ka tabbatar babu haja a cikinka da za ta jawo ɗan fashi, ka zuba ɗigo huɗu a garkuwa, sannan ka shiga ƙofar a hankali, domin hannun da ya yi makonni bai sauka a tasha ba ya manta faɗinta.